Ranar Zaman Lafiya ta Cocin Katolika: Asalinta da Kalmominta

A ranar 1 ga watan Janairu na kowace shekara, yayin da akasarin mutane ke hutun sabuwar shekara, mabiya ɗarikar Katolika a duk faɗin duniya sukan tafi coci su yi addu'a ta musamman domin roƙon zaman lafiya. Sunan wannan rana a hukumance shi ne Ranar Zaman Lafiya ta Duniya. Paparoma Paul na 6 ne ya kafa ta a ƙarshen shekarar 1967, aka kuma fara kiyaye ta ran 1 ga Janairu, 1968. Ta shekarar 2026 ita ce ta 59.

Tun da farko ya kamata a raba ta da wata takwararta. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana da tata ranar zaman lafiya, wadda ta kafa a 1981, ta kuma tsayar mata da 21 ga Satumba a 2001. Waccan ta gwamnatoci ce da ƙungiyoyi. Ta Janairu kuwa ta ibada ce, kuma ta girme ta da fiye da shekara goma.

Ɗalibin Hausa zai ci karo da wannan rana ko dai a labaran rediyo na farkon shekara, ko kuma a bakin Kiristocin da ke ibada da Hausa, a arewacin Nijeriya da wasu garuruwan Nijar kamar Maraɗi, inda aka kafa kujerar bishop a 2001. Duk wanda aka ba aikin fassara labarinta zai tarar cewa kalmar da ake ta maimaitawa a cikinsa, wadda Faransanci ke kira paix, Latin kuma pax, Hausa tana da kalmomi biyar ko shida da ke takarar matsayinta. Ba a iya zaɓen wadda ta dace sai an san abin da masu ranar ke nufi. Wani ɗan bayani kafin mu shiga: a Hausar coci Paul shi ne Bulus, John kuma Yohanna, amma jaridu da gidajen rediyo sukan bar sunayen Paparoma yadda suka zo, kuma su aka bi a nan.

Rana ɗaya, suna biyu

Kalandar Katolika ta kasa ranakun ibada daraja-daraja. Akwai manyan idodi, kamar Kirsimeti da Ista. Akwai idodi na tsaka-tsaki. Akwai kuma ranakun tunawa da tsarkaka, wato waɗanda Musulmi zai fi gane su da sunan waliyyai. Ranar Zaman Lafiya ba ta da gurbi nata na kanta a wannan jeri. Ɗora ta aka yi a kan wata babbar rana da ta riga ta samu gindin zama, wato cikar mako ɗaya da Kirsimeti.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan lissafi ba. Yaron da aka haifa ran Talata, ran Talata mai zuwa ake raɗa masa suna. Mu mukan ce kwana bakwai ke nan; Yahudawa kuwa da Kiristocin farko suna ƙirgawa har da ranar haihuwar, sai ta zama rana ta takwas. A al'adar Yahudawa a wannan rana ake yi wa ɗa namiji kaciya, a sa masa suna, kuma Linjilar Luka ta ce haka aka yi wa Yesu. Idan an ɗauki 25 ga Disamba a matsayin ranar haihuwa, to ranar suna ta faɗa a 1 ga Janairu. Saboda haka ne aka yi ɗaruruwan shekaru ana kiran ranar Idin Kaciyar Yesu. A 1960 aka janye wannan suna, sannan a sabuwar kalandar da aka fitar a 1969 aka mayar da ranar babban idin Maryamu, da laƙabin Uwar Allah.

Wannan laƙabi yana bukatar bayani, domin shi ne abin da ya fi tsaya wa mai fassara Musulmi a maƙogwaro. Asalinsa kalmar Girkanci ce, Theotokos, wadda babban taron shugabannin coci da aka yi a birnin Afisa, a ƙasar Turkiyya ta yau, ya tabbatar da ita a shekarar 431. Muhawarar da aka yi a wurin ta fi shafar Yesu a kan uwarsa: masu rinjaye sun ce tun da wanda Maryamu ta haifa, a bangaskiyarsu, Allah ne kuma mutum ne a lokaci guda, to laƙabin ya dace da ita. Musulunci, da yake girmama Nana Maryam har da sura sukutum a Alƙur'ani, bai yarda da wannan aƙida ba. Yawancin cocin da ba na Katolika ba a ƙasar Hausa su ma ba su cika amfani da laƙabin ba. Aikin mai fassara shi ne ya kawo sunan idin yadda masu shi ke kiransa, ya kuma nuna cewa nasu ne.

To mene ne haɗin Maryamu da zaman lafiya? Tun a 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Paparoma Benedict na 15 ya ƙara laƙabin Sarauniyar Salama a jerin laƙabobin da ake kiranta da su a addu'a. Paul na 6 kuma, a wata wasiƙa da ya rubuta a 1974 a kan girmama Maryamu, ya bayyana cewa da gangan aka haɗa abubuwan biyu a rana ɗaya. Karatun da ake yi a babbar ibadar ranar, wadda ake kira Mas, shi ma ya yi daidai da haka: na farko daga babi na 6 ne na Littafin Ƙidaya, wato albarkar da firistocin Isra'ila ke sa wa jama'a, wadda ke ƙarewa da roƙon salama.

Shekarar da aka kafa ta

Ba a kan banza aka kafa ranar a 1967 ba. Shekara biyar kafin nan, a watan Oktoba na 1962, Amurka da Tarayyar Sobiyet sun kai bakin yaƙin nukiliya a kan makamai masu linzami da aka girke a Kyuba. Paparoma John na 23 ya yi kira ta rediyo ran 25 ga watan, yana roƙon shugabannin biyu su tattauna. Bayan wata shida, ran 11 ga Afrilu, 1963, ya fitar da doguwar wasiƙarsa mai suna Pacem in Terris, wato zaman lafiya a doron ƙasa. Irin waɗannan wasiƙu a da bishop-bishop da mabiya ake rubuta wa. Wannan kuwa an buɗe ta ga duk mutum mai kyakkyawar niyya, ko wane ne shi. A cikinta ya kafa zaman lafiya a kan ginshiƙai huɗu: gaskiya, adalci, ƙauna da 'yanci. Bai cika wata biyu da fitar da ita ba ya rasu.

Wanda ya gaje shi, Paul na 6, shi ne Paparoma na farko da ya yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, ran 4 ga Oktoba, 1965, inda ya roƙi ƙasashe da su daina yaƙi har abada. A Janairun 1967 ya kafa hukumar Adalci da Zaman Lafiya a Fadar Vatikan, a Maris kuma ya fitar da wasiƙar Populorum Progressio, wadda ta ɗaure zaman lafiya da ci-gaban ƙasashe matalauta. Sai dai shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Yaƙin Biyetnam yana ta ƙamari, a Yuni aka yi yaƙin kwana shida tsakanin Isra'ila da maƙwabtanta Larabawa, a Yuli kuma yaƙin basasa ya ɓarke a Nijeriya.

A cikin wannan hali ne ya sa hannu a kan saƙon kafa ranar, ran 8 ga Disamba, 1967. Abu biyu a cikin saƙon sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko, ya ce ba ya son ranar ta zama ta Katolika kaɗai. Fatansa shi ne duk masu son zaman lafiya su ɗauke ta tamkar tasu. Shi ya sa ya zaɓi ranar farko ta kalandar da gwamnatoci ke aiki da ita. Na biyu, ya ja kunne cewa kada a ɗauki kiran nasa a matsayin ragwantaka ko gudun sadaukar da kai domin kare gaskiya da 'yanci. Fatan nasa na farko bai cika yadda ya so ba, domin har yau kusan Katolika ne kawai ke kiyaye ranar.

Yaƙin Nijeriya ya ci gaba da damun sa. Da ya je Kamfala ta Yuganda daga 31 ga Yuli zuwa 2 ga Agusta, 1969, ya gana da wakilan gwamnatin tarayya da na Biyafara yana neman ya shirya su. Bai yi nasara ba. Yaƙin bai ƙare ba sai a Janairun 1970, kuma a fagen daga aka yanke shi.

Saƙon shekara

Abin da ya fi fice a ranar, bayan addu'a, shi ne saƙon da Paparoma ke fitarwa duk shekara. Galibi ana sa masa kwanan wata 8 ga Disamba, a wallafa shi cikin harsuna da dama kafin Kirsimeti, a kuma aika wa shugabannin ƙasashe ta hannun jakadu, kasancewar Fadar Vatikan tana da huldar jakadanci da ƙasashe fiye da 180. Ofishin da ke taimakawa wajen shirya shi mutanen Afirka ta Yamma biyu sun taɓa shugabantarsa: Kadinal Bernardin Gantin na Benin daga 1976 zuwa 1984, da Kadinal Peter Turkson na Gana daga 2009.

Saƙonnin dogaye ne, kuma in za a faɗi gaskiya, kaɗan ne ke karanta su daga farko har ƙarshe. Taken saƙon ne ke yawo. Wanda ya fi shahara shi ne na 1972: in kana son zaman lafiya, yi aiki domin adalci. Daɗinsa yana ga wanda ya san tsohuwar karin maganar Rumawa da ke cewa mai son zaman lafiya ya yi shirin yaƙi. Paul na 6 ya ɗauki rabinta na farko, ya canza mata wutsiya. Wannan gini na “in kana son…” ya yi farin jini har aka sake amfani da shi a 1977, inda sharaɗin ya zama kare rai, da kuma 2010, inda Benedict na 16 ya ce a kare halitta.

Idan aka bi taken shekara da shekara, za a ga cewa da wuya a ambaci yaƙi kai tsaye. Na 1969 a kan haƙƙin ɗan Adam ne. Na 1990 a kan muhalli, lokacin da maganar ba ta zama ruwan dare ba. Na 1995 a kan mata a matsayin masu koyar da zaman lafiya, na 2009 a kan talauci, na 2011 a kan 'yancin addini, na 2015 a kan bauta da fataucin mutane, na 2018 a kan 'yan ci-rani da 'yan gudun hijira, na 2024 kuma a kan ƙirƙirarriyar basira, wato basirar kwamfuta. Dalili kuwa shi ne, a koyarwar cocin, shirun bindiga kaɗai bai isa a kira shi zaman lafiya ba. Tunanin ya samo tushe daga Agustin, malamin coci ɗan Arewacin Afirka wanda ya rasu a 430 a garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya. A wurinsa zaman lafiya shi ne natsuwar da ke samuwa idan kowane abu yana mazauninsa. Garin da ake zaman doya da manja, ko wanda tsoron hukuma ya rufe wa baki, bai cika wannan sharaɗi ba, ko da shekara ashirin aka yi ba a ji ƙarar harbi ba.

Saƙon 2002 ya ƙara wani mataki. John Paul na 2 ya rubuta shi wata uku bayan harin 11 ga Satumba, 2001, a Amurka, takensa kuma: babu zaman lafiya in babu adalci, babu adalci in babu yafiya. Rabin farko kowa ya amince da shi. Rabi na biyu ya fi nauyi, domin wanda aka kashe wa ɗa yana iya cewa a fara hukunta mai laifi tukuna. Saƙon bai ce a bar hukunci ba. Cewa ya yi hukunci kaɗai ba ya warkar da dangantakar da ta karye. A lokacin ne kuma ya nemi mabiyansa su yi azumi ran 14 ga Disamba, 2001, wadda ta zo daidai da Juma'ar ƙarshe ta watan Ramadan na shekarar.

Taron Asisi

Akwai wata rana ta dabam da ake yawan rikita ta da ta Janairu. Ran 27 ga Oktoba, 1986, John Paul na 2 ya gayyaci shugabannin addinai zuwa Asisi, wani ƙaramin gari a tsakiyar Italiya, mahaifar Francis na Asisi, domin addu'ar zaman lafiya. Musulmi sun halarta, da Yahudawa, da mabiya Buddha har da Dalai Lama, da 'yan Hindu, da masu addinin gargajiya daga Afirka da Amurka, da sauran ɗarikun Kirista. Kadinal Francis Arinze na Nijeriya, wanda a lokacin shi ke riƙe da ofishin hulɗa da sauran addinai, yana cikin waɗanda suka shirya taron. An sake irinsa a 2002 da 2011 da 2016, amma ba shi da gurbi a kalandar ibada.

Taron ya sha suka daga cikin gida. Wasu masu ra'ayin riƙau, musamman Akbishop Marcel Lefebvre wanda ya taɓa riƙe cocin Dakar, sun ce an daidaita gaskiya da ɓata. Amsar da aka ba su ta rataya ne a kan tsarin jimla, abin da zai ba ɗalibin nahawu sha'awa. An ce mahalarta sun taru ne domin su yi addu'a, amma ba su yi addu'a tare ba. Kowace ƙungiya ta keɓe a wurinta ta yi tata ibadar, sannan aka hallara a dandali ɗaya, kowa ya yi tasa sauran suna saurare. A Hausa bambancin yana fita sarai tsakanin “sun taru don yin addu'a” da “sun yi addu'a tare”. Mai fassarar da ya haɗe su ya goge dukan abin da aka yi ta jayayya a kansa.

Ko tana hana yaƙi?

Tambaya ce da ta dace, kuma tarihin ya ba da amsa iri biyu. A Disambar 1978 Ajantina da Cile sun ja daga a kan wasu tsibirai uku a mashigin ruwan Beagle, can ƙarshen kudancin Amurka. John Paul na 2, wanda watansa biyu ke nan a kan kujera, ya tura Kadinal Antonio Samorè ya shiga tsakani. An ɗauki shekara shida ana tattaunawa, har Samorè ya rasu a 1983 bai ga ƙarshenta ba, amma ran 29 ga Nuwamba, 1984, ƙasashen biyu suka sa hannu a kan yarjejeniya a Vatikan. Haka kuma ƙungiyar Sant'Egidio ta birnin Roma, wadda ke yin tattaki zuwa dandalin Cocin Bitrus duk ran 1 ga Janairu ɗauke da alluna masu sunayen ƙasashen da ake yaƙi, ita ce ta karɓi baƙuncin tattaunawar da ta kawo ƙarshen yaƙin basasar Mozambik ran 4 ga Oktoba, 1992, bayan fiye da shekara biyu ana zama.

A ɗaya gefen, kiran da Benedict na 15 ya yi wa ƙasashen da ke yaƙi a Agustan 1917 watsi aka yi da shi. A farkon 2003 John Paul na 2 ya tura manzo Bagadaza, ya tura wani Washinton, amma ran 20 ga Maris aka fara yaƙin Iraƙi. Kusa da gida kuma, mako biyu kacal bayan Ranar Zaman Lafiya ta 2015, wato ran 16 da 17 ga Janairu, zanga-zangar da aka yi a Damagaram da Yamai a kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ta rikiɗe zuwa ƙone-ƙone. Mutum goma suka rasa rayukansu, aka ƙona coci-coci da dama. Ran 21 ga watan Paparoma Francis ya nemi a yi wa Nijar addu'a. A ganina, abin da misalan nasara suka haɗa shi ne ɓangarorin biyu sun riga sun gaji ko sun tsorata, suna neman wanda za su amince da shi ya zaunar da su. Inda ɗaya ya riga ya yanke shawarar faɗa, saƙo daga Roma bai cika tsayar da shi ba.

Wace kalma za a ɗauka?

Yanzu sai mu koma ga matsalar da aka ambata a farko. Kalmar Latin pax dangin kalmar da ke nufin ƙulla yarjejeniya ce, don haka tana da ƙanshin doka da siyasa. Kalmar Ibrananci shalom, wadda ke cikin karatun ranar, ta fi faɗi: tana nufin cikar abu, lafiyar jiki, wadata da jituwa. Saƙonnin Paparoma suna amfani da kalma ɗaya su ɗauki nauyin duka biyun. Hausa kuwa ta rarraba nauyin.

Zaman lafiya ita ce ta gama-gari. Harɗaɗɗen suna ne daga zama da lafiya, ita kuma lafiya ararriya ce daga Larabci al-'afiya. A lura da jinsi: ko da yake lafiya mace ce, harɗaɗɗen sunan namiji ne, domin zama ne kansa. Shi ya sa karin magana ta ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, ba “ta fi” ba. Ana samun sa, ana kawo shi, ana wanzar da shi, ana kuma kiyaye shi, kamar a “dakarun kiyaye zaman lafiya”. Abin sha'awa shi ne, saboda lafiya tana cikinsa, ya fi pax kusa da shalom. Sunan ranar da taken saƙonni da shi ya kamata a fassara su.

Salama, daga tushen Larabci s-l-m, 'yar'uwar shalom ce ta jini, kuma danginta a Hausa su ne sallama da Musulunci. Ita ce kalmar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ta cikin coci. Abu ne da Allah ke bayarwa, ya sauka a zuciya ko a kan jama'a. Shi ya sa aka ce Sarauniyar Salama a sama. Wanda ya rubuta “dakarun kiyaye salama” a labaran rediyo ya kai kayan coci barikin soja.

Sulhu kuma aiki ne da ake yi, kuma dole sai da ɓangare biyu da suka saɓa. Ana cewa “an yi sulhu tsakanin Ajantina da Cile”, amma kunnen Bahaushe ba zai karɓi “an yi salama tsakaninsu” ba. Taken 1975, wanda ya ce shiryawa ita ce hanyar zaman lafiya, yana bukatar kalmomin biyu a jimla ɗaya: sulhu ne hanya, zaman lafiya ne masauƙi. Ko 'yan jaridar Hausa na farko sun hango haka, tun da majalisar da Turawa ke kira ta tsaro su suka raɗa mata Kwamitin Sulhu.

Sauran ba su da wuya. Aminci, dangin amana da amini, ya haɗa tsira daga cuta da yarda da juna, kuma shi ne Musulmi ke sawa a addu'a da gaisuwa. Lumana ta fi zama bayanin yadda aka yi abu, kamar a “zanga-zangar lumana” ko “an rabu cikin lumana”. Da ita za a fassara taken 2017 a kan siyasar da ba ta amfani da ƙarfi. Kwanciyar hankali tana cikin mutum ko cikin gari bayan tashin hankali. Tsagaita wuta kuwa dakatawa ce kawai, irin wadda John Paul na 2 ya roƙa ta kwana ɗaya a ranar taron Asisi. A taken 2002 ma akwai zaɓi: gafara an fi neman ta wurin Allah, yafiya kuwa tsakanin mutum da mutum ce, kuma ita saƙon ke nufi.

Misali mafi sabo ya haɗa matsalolin wuri ɗaya. Paparoma Francis ya rasu ran 21 ga Afrilu, 2025, aka zaɓi Leo na 14 ran 8 ga Mayu. Shi ɗan ƙungiyar limaman da ke bin tafarkin Agustin ne, kuma maganarsa ta farko ga jama'a a daren zaɓen gaisuwa ce, wadda a Hausa ba ta da wani suna sai sallama. Ita ce ya mayar rabin farko na taken saƙon 2026. Rabi na biyu ya siffanta zaman lafiyar da kalmomi biyu masu tushe ɗaya a Italiyanci, disarmata da disarmante: ta farko tana nufin wanda ba ya ɗauke da makami, ta biyu wanda ke sa wani ya ajiye nasa. Hausa ba ta da tagwayen siffofi irin waɗannan, don haka sai an warware su: zaman lafiya marar makami, mai sa a ajiye makami. Ke nan a take ɗaya mai fassara zai yi amfani da salama a rabin farko, domin gaisuwa ce ta ibada, ya koma ga zaman lafiya a rabi na biyu, alhali a Italiyancin kalma ɗaya ce, pace, aka maimaita.